Labarin Jahizu, Malamin Basra, da Jinyarsa

Sunansa Amru ɗan Bahar, alkunyarsa Abu Usman. An yi masa laƙabi da Jahizu saboda fitowar idanunsa. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 160 ta Hijira, cikin gidan talauci, har an ga yana tallar gurasa da kifi a bakin ruwa. Ya ɗauki lugga wurin Asma'i da Abu Ubaida, nahawu wurin Ahfashu, ilmin kalamu kuwa wurin Nazzamu. Don tsananin son karatu yakan yi hayar rumfunan masu sayar da littattafai, ya kwana ciki yana dubawa har asuba.

Da ilminsa ya bayyana sai ya kusanci manyan Bagadaza. Ya wallafa Kitabul Hayawan, mujalladi 7, ya kai wa waziri Ibnu Zayyat, aka ba shi dinari 5,000. Ya kuma wallafa Albayanu wat Tabyin da Kitabul Buhala.

Sa'an nan ciwon shanyewar ɓarin jiki, wanda Larabawa ke kira faliji, ya same shi tun bai gama Hayawan ba. Shi da kansa ya ambata cikin littafin abubuwan da suka tsare shi, ya fara da tsananin ciwo, sa'an nan ƙarancin mataimaka, da tsawon littafin. Akwai hikaya cewa ya gama kifi da abincin nono ne bayan likita ya gargaɗe shi. Amma likitocin zamanin nan sun tabbatar galibin wannan ciwo daga ƙwaƙwalwa yake, idan hanyar jini ta toshe ko ta fashe, sai ɓarin da ke ɗaya gefen ya mutu.

Ciwon kuwa bai zo shi kaɗai ba. Ciwon gaɓoɓi ya kama ɓarin da ya rage, ga tsakuwar mafitsara tana wahalar da shi wajen fitsari. Mubarradu, malamin nahawu, ya je dubiyarsa a ƙarshen rayuwarsa, ya iske rabin jikinsa ko an yanka ba ya ji, rabin kuwa ko ƙuda ya gifta sai ya ji zogi. Akan shafa wa ɓari guda sandal da kafur don zafinsa. Abinci ma ya zama masa jarrabawa: in ya ci mai sanyi ya sauka a ƙafa, in ya ci mai zafi ya hau kai. Halifa Mutawakkilu ya aika a zo da shi, ya ba da hanzari da karkacewar jikinsa da zubar yawu, ya zauna a Basra.

Duk da haka bai rabu da littattafai ba, masu neman ilmi kuma ba su yanke zuwa ƙofarsa ba. Cikin wallafe-wallafensa akwai littafi a kan guragu da makafi da masu albaras da waɗanda jiki ya shanye, inda ya jera manyan mutane masu lalura, don ya nuna naƙasa ba ta hana daraja.

Ya rasu a Basra cikin watan Muharram na shekara ta 255, yana da shekara fiye da 90. Wasu sun ce tarin littattafansa ne ya rufto masa yana kwance.

To, mai karatu, in akwai tsoho a gidanku wanda hannunsa ke karkarwa har ba ya iya riƙe moɗa, ko wanda ciwo ya hana shi barci ana ta munshari kewaye da shi, a kai shi ga likita da wuri, kada a jingina abin ga iska ko sammu. A riƙa zama da shi, a ba shi abinci da haƙuri, kada a yanke shi daga shawara, gama jiki kan gaza hankali yana nan daram. Allah ya jiƙan magabata, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.