Niels Finsen, Likitan Da Ya Mai Da Haske Magani

An haifi Niels Ryberg Finsen ranar 15 ga Disamba, 1860, a tsibiran Faro da ke arewacin Turai, inda hasken yini a watan Disamba bai kai awa shida ba. Ku da kuka tashi a ƙasar Bichi ko Dambatta, inda neman inuwa ake yi, zai yi muku wuya ku gane yadda rana take da tsada a can.

Ya shiga karatun likitanci a Kofenhagen, babban birnin Denmak, a 1882, ya kammala a 1890. Tun yana ɗalibi ciwo ya kama shi: zuciya da hanta suka samu matsala, jini ya yi ƙaranci, daga baya ruwa ya riƙa taruwa a cikinsa. Ɗakin da yake zaune rana ba ta leƙa shi. Ya lura cewa duk ranar da ya fita ya sha hantsi, jikinsa yakan ɗan yi ƙarfi, sai ya ɗauki abin a matsayin bincike.

Gwaje-gwajensa sun nuna masa cewa ba zafin rana ne ke aikin ba. Wani ɓangare ne na hasken da ido ba ya gani, wanda ke iya kashe ƙwayoyin cuta, kuma shi ne ke ƙona fata idan ya yi yawa. A 1895 ya gwada shi a kan mai fama da tarin fuka na fata, cutar da ke cin hanci da kumatu har mutum ya daina shiga jama'a. Ya tattara hasken fitila mai ƙarfi da gilashi, ya sa ruwa ya tare zafin, ya riƙa haska gyambon kullum har ya warke. A 1896 aka buɗe masa cibiya a Kofenhagen, ɗaruruwan majinyata suka warke a can. Ya samu kyautar Nobel a 1903, amma jiki ya hana shi zuwa karɓa, don lokacin yana kan keken guragu. Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 1904, yana da shekara 43.

Sai bayan rasuwarsa aka gano bitamin D, wanda fata ke haɗawa idan rana ta taɓa ta, kuma shi ke taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi.

Manomin da ke wuni a gonar gero ko gyaɗa ba ya rasa rana. Masu rasa ta suna cikin gida: tsohon da ƙafa ta gaza, mai shanyewar ɓarin jiki, mai jego, da matar da ba ta cika fita ba. Sau da yawa tausayi ne ke sa a bar su a ƙuryar ɗaki, taga a toshe. Ku shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida da hantsi, hannu da ƙafa a buɗe, na ɗan lokaci kullum. Wanda zai iya takawa, a riƙe shi ya zaga. Yana taimaka wa barci, da cin abinci, da sakin zuciya.

Finsen da awo yake ba da haske, ku ma haka. A bazara, musamman Maris da Afrilu, ku mai da majinyaci inuwa kafin rana ta take, ku ba shi ruwa. Zabiya na buƙatar malfa da riga mai dogon hannu, saboda rana na jawo masa sankarar fata. Jaririn da idonsa ya yi ɗorawa asibiti za a kai shi a ranar, kada a shanya shi. Yaro mai gwame ko ƙafar baka ma a kai shi, domin binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalili a nan. Tarin fuka kuwa yanzu ƙwayoyi ne maganinsa, na wata shida, kyauta a asibitocin gwamnati.