Wilder Penfield, likitan da ya gano taswirar jiki a cikin ƙwaƙwalwa

A Dogon Dutsi da Tibiri ba mu rasa sanin wani da aka yanke wa hannu ko ƙafa, ko dai sanadin haɗarin mota da kabu-kabu, ko ciwon sukari. Sau da yawa sai a ji shi yana kukan ƙaiƙayi ko zogi a yatsun da babu su, nan da nan a ce iskoki ne ko sammu. Tarihin mutumin da muka kawo muku yau ya ba da wata amsa daban.

An haifi Wilder Penfield a garin Spokane na ƙasar Amurka a shekarar 1891. Ya yi karatu a Princeton da Oxford ta Ingila. A 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, Jamusawa suka harbi jirgin ruwan da yake ciki, ya ji rauni a ƙafa. Allah ya yi da sauran kwana, ya warke, ya kammala karatun likita a 1918.

A 1928 ya koma Montreal ta Kanada. A can ya yi wa ƴar'uwarsa Ruth aikin tsiro a ƙwaƙwalwa da hannunsa, amma bayan ƴan shekaru ciwon ya dawo ta rasu. A 1934 ya buɗe cibiyar binciken ƙwaƙwalwa ta Montreal.

Babban aikinsa shi ne fiɗar masu farfaɗiya. Yakan kashe zafin fatar kai, ya bar majinyaci a farke, domin ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin taɓawa. Sai ya riƙa taɓa ta da ɗan ƙaramin ƙarfin lantarki, majinyacin yana faɗin inda ya ji, ko babban yatsa, ko leɓe, ko harshe. A 1937 shi da Edwin Boldrey suka fitar da taswirar. Kamar kasuwa take, kowace gaɓa da rumfarta. Hannu da leɓe suna da manyan rumfuna, ta gadon baya ƙarama ce, ta fuska kuwa tana maƙwabtaka da ta hannu.

Penfield ya rasu ranar 5 ga Afrilu 1976, yana da shekara 85.

Bayansa an ci gaba da bincike. A farkon shekarun 1990, likita Ramachandran ya tarar da masu yankakken hannu da in an shafi kumatunsu sai su ji a yatsun da aka yanke. A 2025 kuma aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 3 kafin yanke musu hannu da bayansa, aka ga rumfar hannun tana nan daram.

Ke nan hannu ya tafi, amma mazauninsa a ƙwaƙwalwa bai tashi ba. Don haka in ɗan'uwanmu ya yi wannan kuka, ba hauka ba ne, ba ƙarya ba ce. Kafin a ƙarar da jari wajen karya sammu, mu kai shi asibiti ya yi wa likita bayani. Allah ya ƙara mana lafiya.