Rabaran I. O. Ransome-Kuti, Mutumin da Ya Haɗa Kan Malaman Makaranta

In aka ambaci sunan Ransome-Kuti, yawancin ɗalibanmu Fela mawaƙi ne ke zuwa musu a zuciya. Waɗanda suka ɗan manyanta kuwa sai su tuna da Farfesa Olikoye, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992. Mu malamai mahaifinsu muka fi tunawa, domin shi ne shugaban farko na Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Nijeriya, wadda kowa ya sani da NUT. Don haka muka ga ya dace mu kawo tarihinsa a wannan littafi, ɗalibai da iyaye su san inda aka faro.

An haifi Israel Oludotun Ransome-Kuti ran 30 ga Afrilu, 1891, a Abeokuta ta ƙasar Yarabawa. Mahaifinsa, Rabaran Josiah Jesse Ransome-Kuti, fasto ne na ikkilisiyar Angilikan, ya kuma yi suna wajen tsara waƙoƙin sujada da harshen Yarabanci, har aka ɗauki muryarsa a faifai a Landan cikin 1922. A gidan karatu da waƙa yaron ya tashi ke nan. Da aka buɗe makarantar Abeokuta Grammar School a 1908 yana cikin ɗalibanta na farko. Daga nan ya tafi Kwalejin Fourah Bay da ke ƙasar Saliyo, inda a lokacin mutum zai iya samun digiri a Afirka ta Yamma ba tare da ya haye teku ba. Ya komo gida a 1916 ya kama koyarwa a tsohuwar makarantarsa. Ba a daɗe ba aka ba shi shugabancin Ijebu-Ode Grammar School, ko shekara 30 bai cika ba. Ya yi kimanin shekara 13 a can.

Kafin mu ci gaba, ya kamata ku san halin da malamin makarantar mishan yake ciki a wancan zamani, domin in ba a san ciwo ba, ba za a ga amfanin magani ba. A Kudu, kusan dukan makarantu na mishan ne, na gwamnati 'yan kaɗan ne. Malamin gwamnati ma'aikacin hukuma ne, yana da tsayayyen albashi, yana da ƙarin girma, yana da fansho. Abokinsa na mishan kuwa, ko da takardar shaidarsu iri ɗaya ce, albashinsa bai kai na wancan ba, fansho kuma babu. Kuɗin da ake biyansa daga wuri uku yake fitowa: ɗan tallafin da gwamnati ke ba mishan, kuɗin makaranta da iyaye ke biya, da baikon ikkilisiya. In ɗaya ya yi ƙasa, tukunyar malam ce ke ji a jikinta. Ga shi kuma aikin bai tsaya a aji ba. Sau da yawa shi ne katikis, shi ne mai koya wa mawaƙa, shi ne mai wa'azi ran Lahadi in fasto ba ya nan. Manajan makaranta, wanda galibi fasto ne, yana iya ɗauke shi daga wannan ƙauye zuwa wancan, ko ya sallame shi, ba shi da inda zai kai kuka.

Horon ma bai wadata ba. Akwai kwalejoji irin su St. Andrew's ta Oyo da Wesley ta Ibadan da Hope Waddell ta Kalaba, amma waɗanda suke yayewa ba su isa ba. Malamai da yawa yara ne da suka gama firamare aka miƙa musu alli, suna koyarwa da safe, hedimasta yana koya musu da yamma. A 1926 gwamnati ta yi dokar ilimi ta Legas da lardunan Kudu, ta ce ba wanda zai koyar sai an yi masa rajista, tallafi kuma sai gwargwadon abin da sufeto ya gani a makaranta. Dokar tana da amfani, amma an yi ta ne a kan malamai, ba a zauna da su ba.

A wannan shekara ta 1926 Ransome-Kuti ya tara hedimastocin ƙasar Ijebu suka kafa ƙungiya. Shekara guda kafin haka malaman Legas sun kafa tasu a ƙarƙashin Rabaran J. O. Lucas. Sai ga karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929. Farashin koko da manja da kwarar manja ya faɗi, kuɗin shigar gwamnati ya ragu, aka tsuke tallafin makarantu, albashin malaman mishan da dama ba ya isa aka sake rage shi. Nan fa kowa ya gane cewa kukan gari ɗaya ba zai kai kunnen hukuma ba. Ran 8 ga Yuli, 1931, wakilai suka taru a makarantar CMS Grammar School ta Legas, suka haɗa ƙungiyoyin nan suka zama NUT. Aka zaɓi Ransome-Kuti shugaba, Lucas mataimakinsa, T. K. Cameron kuma sakatare. Haka aka yi ta sake zaɓensa har 1954, shekara 23 ke nan.

A nan ne muke ganin girman mutumin. Shi fasto ne, shugaban makaranta ne, mai digiri ne a zamanin da masu digiri a ƙasar nan ba su da yawa. Da ya so, da ya zauna a gefen masu biya, ba wanda zai zarge shi. Waɗanda ƙungiyar take ja da su kuwa ba baƙi ba ne a wurinsa: rabinsu Turawan ma'aikatar ilimi ne masu sa hannu a tallafin makarantarsa, rabinsu kuma shugabanninsa ne na ikkilisiya. Duk wanda ya taɓa aiki a makarantar mishan ya san nauyin a ce ka tsaya gaban wanda ke ba ka jibin Ubangiji ran Lahadi kana yi masa maganar albashi ran Litinin. Ana iya ce maka ka fifita abin duniya. Malamai da yawa sun yi shiru saboda wannan, suna haƙuri da cewa ladansu yana sama. Da mai farar kwala a wuya ya shige gaba, sai wannan zargi ya rasa wurin zama, ƙaramin malami na ƙauye ya sami ƙarfin halin biyan kuɗin ƙungiya.

Abin da suka nema bai ɓuya ba. A daidaita albashin malamin mishan da na gwamnati in takardarsu ɗaya ce. A yi wa malami tanadin tsufa. Kada a sallami mutum sai da dalili. A ba malamai kujera a hukumar da ke tsara ilimi. A kuma buɗe musu hanyar ƙarin karatu, don wanda ya shiga aikin ba horo ya sami takarda, mai takarda ya hau gaba. Hanyarsa ta neman waɗannan ita ce rubuta takardar koke mai hujja, tura wakilai, da zama a teburin shawara, a koma, a sake komawa. Wasu matasa sun ga tafiyar ta yi sanyi. Mu dai a ganinmu da ya fara da faɗa, da an murƙushe ƙungiyar tun tana jaririya, domin a 1931 ko dokar da ta yarda da ƙungiyoyin ma'aikata babu. Sai a 1938 aka yi ta, NUT ta yi rajista a 1941. A 1943 ta sami sakatare na cikakken lokaci, E. E. Esua, mutumin Kalaba, wanda ya riƙe ofishin shekaru da yawa. Zuwa 1948 membobinta sun kai kimanin 20,000.

Cikin 1948 ɗin ne aka yi dokar ilimi ta farko da ta game ƙasa duka, bayan binciken da Sydney Phillipson ya yi a kan tallafin makarantu. Sabon tsarin ya sa ana lissafa tallafi bisa albashin malamai da hukuma ta amince da shi, a cire abin da ake sa ran jama'ar gari za su kawo. Ma'anarsa ita ce albashin malamin mishan ya daina rataya ga yawan baiko. Ba a kai ga daidaito da malamin gwamnati ba, wannan gwagwarmaya ta ci gaba har bayan samun 'yancin kai, amma ƙafa ta taka ƙasa.

Duk wannan yana yinsa ne tare da aikin makaranta. A 1932 ya koma Abeokuta Grammar School a matsayin shugaba, ya yi shekara 22. Matarsa Funmilayo, wadda ya aura a 1925, tana cikin 'yan mata na farko da makarantar ta ɗauka, ta kuma taimake shi ƙwarai wajen tafiyar da ita. Ita ce daga baya ta jagoranci matan Abeokuta a kan harajin mata, har Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadonsa na ɗan lokaci a 1949. Mutanen gari Daodu suke kiran maigidan. Wole Soyinka, wanda ɗan'uwansu ne ta wajen uwa kuma ya yi karatu a makarantar, ya ba da labarinsa a littafinsa Aké na 1981. Ya nuna shi mutum ne mai son kiɗa da tsabta da tsari, wanda kan ba ɗalibin da aka kama da laifi dama ya kāre kansa, in ya iya kawo hujja mai ƙarfi ya sha. Sai dai bulalarsa ma ta yi suna, 'ya'yansa na cikinsa ba su tsira ba. Wannan kam ba mu ce a kwaikwaya ba, kuma kada wani ɗalibi ya ce mun ba malamai izini.

Akwai wani aiki nasa da ya shafi kowane ɗayanmu. Kwalejin Yaba da aka buɗe a farkon shekarun 1930 ba ta gamsar da 'yan ƙasa ba, domin takardarta ba ta da daraja a wajen Nijeriya. A 1943 gwamnatin Ingila ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Walter Elliot don ya duba ilimi mai zurfi a Afirka ta Yamma. 'Yan Afirka uku ne a ciki: K. A. Korsah daga ƙasar da ta zama Ghana, E. H. Taylor-Cummings daga Saliyo, da Ransome-Kuti daga Nijeriya. Rahotonsu ya fito a 1945, kuma daga cikinsa aka sami Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Malamin sakandare ya sami inda zai yi digiri a gida. Ɗaya daga gidajen kwanan ɗalibai na jami'ar da sunansa ake kiransa, wato Kuti Hall.

Mai karatu zai tambaya, ina Arewa a cikin wannan labari? A zamaninsa ƙarfin NUT a Kudu yake. Tsarin makarantun Arewa dabam ne, yawancinsu na En'e ne, sai na mishan a wuraren da aka yarda musu. Malam Aminu Kano ne, bayan ya komo daga karatu a Landan, ya kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. Ƙungiyoyin biyu sun yi tafiya kowa da hanyarsa har 1972, sa'ad da malaman jihohin Arewa suka haɗu da NUT aka zama ɗaya. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda da yawa cikinmu muka ƙaro karatu ta hannunta muna bakin aiki, a 1976 aka kafa ta. Hukumar yi wa malamai rajista kuwa dokarta ta 1993 ce. Duka biyu bai gan su ba, ko da yake abin da suke yi yana cikin abin da ƙungiyarsa ta roƙa tun farko.

Ya ajiye aikin makaranta da na ƙungiya a 1954. Ciwon daji ya kama shi, ya rasu a gidansa na Abeokuta ran 6 ga Afrilu, 1955, yana da shekara 63. Wanda ya gaje shi a shugabancin NUT shi ne Alvan Ikoku na Arochukwu, wanda aka sa hotonsa a takardar naira goma.