DICK TIGER: ZAKARAN DA YA SHA GWAGWARMAYA DA ALƘALAN DAMBE

Ran 14 ga watan Disamba 1971, a garin Aba, rai ya yi halinsa ga Richard Ihetu, wanda duniya ta fi sani da suna Dick Tiger. Ya mutu yana da shekara 42, bayan ya riƙe kambin duniya na damben zamani har sau uku a aji biyu. Littattafan da ke ajiye lissafin dambe sun nuna ya yi karo 82, ya ci 60, an cinye shi a 19, an yi kunnen doki a 3. Abin lura cikin wannan lissafi shi ne, kusan duk faɗuwar da ya yi, a kan takardar alƙalai ya yi ta, yana tsaye da ƙafafunsa. Mutum ɗaya tak ya taɓa kwantar da shi har aka ƙirga masa goma. Saboda haka tarihin wannan ɗan Nijeriya ya zama abin nazari ga duk mai son ya fahimci yadda ake yanke hukunci a dambe, da dalilin da ya sa hukuncin yakan jawo gardama.

A dambenmu na gargajiya ba a cika jayayya ba, domin wanda ya kai ƙasa an kashe shi ke nan, kowa ya gani, in kuwa babu kisa sai a raba. Damben zamani ba haka yake ba. Idan aka gama turmin ƙarshe kowa yana tsaye, sai a koma ga makin da alƙalai suka rubuta turmi bayan turmi. Ana duba naushin da ya sauka, da wanda ke kai hari, da iya kāre kai, da wanda ya mallake fage. Babu ma'aunin da ya ce ga yawan nauyin kowane ɗaya daga cikin waɗannan. Wani alƙali ya fi son mai kutsawa, wani ya fi son mai zillewa yana sakin naushi daga nesa. A wannan giɓi ne gardama take samun wurin zama.

TASHINSA

An haifi Richard Ihetu ran 14 ga watan Agusta 1929 a Amaigbo, wanda yanzu yake cikin Jihar Imo. Ya tashi cikin rashi, har ya yi sana'ar tara kwalabe yana sayarwa a kasuwar Aba. A can ya koyi dambe, ya kuma shiga damben neman kuɗi a farkon shekarun 1950. Gajere ne kakkaura, mai ƙarfin ƙafa, ba ya ja da baya, makaminsa kuwa shi ne naushin hagu da yake lanƙwasowa daga kusa.

Cikin 1955 ya tafi Ingila, ya sauka a Liverpool, inda Hogan Bassey ɗan Kalaba ya riga shi zama. Da rana yana aiki a wata masana'antar fenti, da yamma yana motsa jiki. Karo huɗu na farko da ya yi a can duk an ba abokan karawarsa da maki. A Ingila ta wancan zamani alƙalin da ke cikin fage shi kaɗai ke yanke hukunci, kuma alƙalan can sun saba da ɗan damben da ke tsayawa a miƙe yana tura hannun hagu a kai a kai. Baƙon da ya zo da salon jiran dama ya saki naushi mai nauyi sai ya tarar an tara masa bashin maki tun bai farga ba.

Bai koma gida ba. Ya gyara salonsa, ya ƙara yawan naushi. Cikin 1957 aka kawo shi London don ya zama tsani ga wani saurayi da ake ji da shi, Terry Downes, sai ga shi ya lallasa saurayin har aka tsai da wasan. Ran 27 ga watan Maris 1958 ya kwantar da Pat McAteer a turmi na 9, ya zama zakaran ƙasashen Daular Ingila a ajin matsakaicin nauyi, watau ajin da iyakarsa laba 160.

BAƘO A AMURKA DA KANADA

Cikin 1959 ya ƙaura zuwa New York, Jersey Jones yana kula da harkokinsa, Jimmy August yana horar da shi. Nan ma ya tarar da abin da ya baro. Karonsa na farko da Rory Calhoun aka ce kunnen doki ne. Da suka sake a Syracuse sai kan alƙalai ya rabu, rinjaye ya tafi ga Calhoun, mutane da yawa kuwa ba su gamsu ba. A watan Yuni 1960 ya je Edmonton don kāre kambinsa na Daular Ingila a gaban Wilf Greaves, ɗan ƙasar Kanada. Bayan turmi 15 kan alƙalai ya sake rabuwa, aka miƙa kambin ga ɗan gida.

Abin da ya yi bayan wannan shi ne ya bayyana halinsa. Ya nemi a sake, ya koma garin nan na Edmonton a ƙarshen watan Nuwamba na shekarar, ya yi wa Greaves dukan da ya sa aka tsai da wasan a turmi na 9. Daga nan ya gane cewa baƙo a fagen wasu ba shi da tabbas sai ya raba alƙalai da alƙalaminsu. Haka ya yi ta yi wa manyan 'yan damben ajinsa, har ya zama babu yadda za a hana shi neman kambin duniya.

KARO UKU DA FULLMER

Ran 23 ga watan Oktoba 1962, a San Francisco, ya fuskanci Gene Fullmer, mutumin Jihar Utah, wanda aka sani da ƙarfin tsiya. Tiger ya fi shi ƙarfi, alƙalai duka uku suka ba shi nasara. Ya zama ɗan Nijeriya na biyu da ya ci kambin duniya, bayan Hogan Bassey da ya ci nasa a Paris cikin 1957.

Da suka sake a Las Vegas ran 23 ga watan Fabrairu 1963, Fullmer ya sauya dabara, ya riƙa kewaye fage yana guje wa haɗuwar ƙirji. Alƙali ɗaya ya ba Tiger, ɗaya ya ba Fullmer, na uku ya ce sun yi daidai. Bisa doka zakara ba ya rasa kambi a kunnen doki, amma magana ba ta mutu ba, kowane ɓangare yana ganin shi aka zalunta.

Aka shirya karo na uku a gida. Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohi suka tsaya wa al'amarin da kuɗi, aka yi wasan a filin Liberty da ke Badun ran 10 ga watan Agusta 1963, shekara 11 kafin karon Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa. A wannan dare ba a buƙaci takardar kowa ba. Bayan turmi na 7 mutanen Fullmer suka ga jini ya rufe masa fuska, suka nemi a tsaya. Fullmer bai sake yin dambe ba.

Murnar ba ta daɗe ba. Ran 7 ga watan Disamba 1963, a Atlantic City, Joey Giardello ya yi ta zillewa yana sakin naushi daga nesa. A Jihar New Jersey alƙalin fage shi kaɗai ke hukunci, ya kuwa ba Giardello turmi 8, Tiger 5, biyu daidai. An yi wa Tiger alkawarin za a sake ba da jimawa ba, amma sai da ya jira kusan shekara biyu. Cikin wannan jira, a watan Oktoba 1964, ya bi Joey Archer da duka har turmi 10, kan alƙalai ya rabu, aka ba Archer, 'yan kallo suka yi ta ihun ƙin yarda. Ran 21 ga watan Oktoba 1965 ya samu Giardello a Madison Square Garden, ya karɓe kambinsa da hukuncin da babu wanda ya yi musu a kansa.

DAREN GRIFFITH DA DAREN TORRES

Hukuncin da aka fi tunawa da shi a tarihinsa shi ne na ran 25 ga watan Afrilu 1966. Emile Griffith, zakaran ajin da ke ƙasa da nasa, ya hauro don neman kambin Tiger, wanda ya fi shi nauyi da kusan laba 10. Griffith ya yi amfani da sauri, Tiger yana binsa yana kai hari. A turmi na 9 Griffith ya kai shi ƙasa, karo na farko ke nan da hakan ta taɓa samunsa, amma nan take ya miƙe. A New York ta lokacin turmi ake ƙirgawa, alƙalin fage da wasu biyu a gefe. Alƙalin fage, Arthur Mercante, ya ba Griffith 9, Tiger 5. Na biyu ya ba Griffith 7, Tiger 6. Na uku ya rubuta 7 da 7, sa'an nan ƙarin maki ya karkata ga Griffith. Da aka tambayi 'yan jarida 22 da ke bakin fage, 17 suka ce Tiger ne ya ci. Mutum uku da mutum goma sha bakwai sun kalli abu ɗaya daga nisa ɗaya, kowa ya ga dabam, amma ra'ayin ukun ne doka.

Maimakon ya zauna yana kukan zalunci, sai ya haura zuwa ajin laba 175, yana da shekara 37. Ran 16 ga watan Disamba 1966 ya ƙwace kambin ajin daga hannun Jose Torres, mutumin Puerto Rico. Da suka sake ran 16 ga watan Mayu 1967 sai reshe ya juye da mujiya. Alƙalai biyu suka ba Tiger 8 da 7, ɗaya ya ba Torres 8 da 7. Magoya bayan Torres suka fusata, suka yi ruwan kwalabe da kujeru, mutane suka ji rauni. Mutumin da ya saba fita fage a matsayin wanda aka ƙwara, yau ga shi ana zargin an yi masa alfarma. Turmi ɗaya a kan takarda ɗaya ne ya raba zakara da wanda aka ci, kuma da wannan turmi ya faɗa wa Torres, da wani ɓangaren ne zai yi kuka.

ƘARSHENSA

A watan Yuli 1967 yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya. Tiger ya goyi bayan ɓangaren Biyafara, aka ba shi muƙamin laftana, ya kashe dukiyarsa wajen taimakon mutanensa, ya kuma mayar wa Ingila lambar girmamawa ta MBE da ta ba shi. Gidaje da kadarorin da ya tara da guminsa suka salwanta. Ran 24 ga watan Mayu 1968 ya sa kambinsa a gaban Bob Foster, dogo mai tsawon hannu, don ladan dala 100,000. A turmi na 4 naushin hagu ya kwantar da shi aka ƙirga goma. Ko bayan haka ya ci Frankie DePaula a wani karo mai zafi cikin 1968, ya kuma ci Nino Benvenuti na Italiya cikin 1969. Karonsa na ƙarshe da Griffith ne, a watan Yuli 1970, inda aka cinye shi da maki ba tare da wata gardama ba.

Daga nan ya kama aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York. Likitoci suka gano yana da ciwon daji a hanta. Gwamnatin Tarayya, bisa manufarta ta sulhu bayan yaƙi, ta bar shi ya dawo gida, ya cika a cikin danginsa. Cikin 1991 aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwarzayen dambe na duniya a Amurka.

Bayan zamaninsa an yi gyare-gyare. An koma ga tsarin maki goma, inda wanda ya ci turmi yake samun 10, ɗayan kuma 9 ko ƙasa da haka. A manyan wasanni an cire alƙalin fage daga ba da maki, aka bar alƙalai uku a gefe. Cikin shekarun 1980 aka rage turmin neman kambi daga 15 zuwa 12. Duk da haka gardama ba ta ƙare ba, domin gyaran ya taɓa yadda ake rubuta maki ne, bai taɓa idon da ke gani ba.

Dick Tiger bai taɓa samun ikon zaɓen alƙalansa ba, kuma mafi yawan damben da ya yi a ƙasar wasu ya yi shi. Abin da ke hannunsa shi ne neman a sake, kuma Greaves da Fullmer da Giardello duk sun ɗanɗana abin da sakewar take nufi. Da Griffith kuwa ba su sake haɗuwa ba sai bayan shekara huɗu, lokacin da Tiger ya kai shekara 40, ƙarfi ya tafi.