Carola Neher: 'Yar wasan da ta tsere wa Hitler, ta mutu a kurkukun Stalin

An haifi Carola Neher a birnin Munich na ƙasar Jamus ranar 2 ga Nuwamba, 1900. Da aikin akawu a banki ta fara neman abinci, kafin ta hau dandamalin wasan kwaikwayo a garin Baden-Baden a 1920. Cikin shekaru goma sunanta ya kai Balin, cibiyar wasan kwaikwayon Jamus a wancan zamani.

A 1925 ta auri marubucin waƙoƙi Klabund, wanda tarin fuka ya daɗe yana ci. A 1928 Bertolt Brecht ya zaɓe ta ta fito a matsayin Polly a wasansa Die Dreigroschenoper, mai yi wa masu hannu da shuni ba'a. Ana tsakiyar gwaji jikin mijinta ya tsananta a Davos ta ƙasar Suwizalan, ta bar komai ta tafi jinyarsa. Ya rasu a watan Agusta, aka buɗe wasan da wata 'yar wasa daban. Daga baya ta karɓi matsayinta, ta kuma sake fitowa a cikinsa a fim ɗin da G. W. Pabst ya shirya a 1931.

Da Hitler ya hau mulki a 1933, ita da mijinta na biyu, Anatol Becker, ɗan gurguzu, suka bar Jamus. Suka bi ta Prague, suka isa Mosko a 1934. A shekarar ta sa hannu a wata takardar adawa da 'yan Nazi, gwamnatin Jamus ta ƙwace mata shaidar zama 'yar ƙasa. A nan ta haifi ɗanta namiji.

Mafakar da ta nema ita ta cinye ta. A 1936, lokacin da Stalin ya fara kakkaɓe waɗanda yake zargi da bin Trotsky, aka kama su duka biyu. Aka harbe Becker a 1937, ita kuma aka yanke mata shekara goma. Aka kai jaririn gidan marayu. Ta zaga gidajen yari da dama, har zazzaɓin taifus ya kashe ta a kurkukun Sol-Iletsk, kusa da Orenburg, ranar 26 ga Yuni, 1942. Tana da shekara 41.

Abin da har yau ake tuhumar abokan tafiyarta da shi shi ne shirunsu. Brecht ya tambayi labarinta a wasiƙar da ya aika wa marubuci Lion Feuchtwanger, amma bai taɓa fitowa fili ya nemi a sake ta ba, alhali alƙalaminsa bai huta ba wajen fallasa zaluncin Hitler. Sukar abokin gaba ba ta da wuya. Da zaluncin ya fito daga ɓangaren da suke goyon baya, sai bakuna suka mutu.

Ɗanta ya girma bai san iyayensa ba, sai da ya manyanta ya gano asalinsa, ya koma Jamus ta Yamma. A yau akwai titi mai ɗauke da sunanta a Balin.