Chevreul, Masanin Da Ya Tono Asirin Kitse

Babu wanda bai san man kaɗanya ba a ƙasar Gwandu da ta Argungu. Da zarar hunturu ya kama, fata ta bushe, diddige ya yi faso, shi iyaye mata ke saya a kasuwar Birnin Kebbi su shafa wa 'ya'yansu. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar abin da ke sa shi ya daskare cikin ƙwarya, alhali man gyaɗa yana nan ruwa-ruwa. Wanda ya buɗe ƙofar sanin wannan kuwa wani Bafaranshe ne, Michel Eugène Chevreul, wanda ake furta sunansa Shebrol.

An haife shi a garin Angers ta ƙasar Faransa ran 31 ga Agusta, 1786. Ubansa likita ne. Yana da shekara 17 ya tafi birnin Paris, ya zama almajirin wani masanin haɗa sinadarai mai suna Vauquelin, a gidan binciken halittu na gwamnati. A 1830 ya gaji kujerar malaminsa a wannan gida.

A zamanin nan mutane sun daɗe suna dafa sabulu, yadda matanmu ke dafa sabulun salo da mai da ruwan toka, amma ba wanda ya san abin da ke aukuwa cikin tukunyar. Wajen 1811 Chevreul ya duƙufa kan al'amarin. Ya narkar da sabulu, ya zuba masa ruwan asid, ya tace, ya auna, ya sake tacewa, ya yi ta yi fiye da shekara 10. Dabararsa ita ce duba zafin da abu ke narkewa a kansa. In ya tace abu sau da yawa, zafin bai sake ba, to, ya tabbata ya sami tsantsarsa.

Da haka ya gane kitse da mai haɗi ne na gilisarin da waɗansu asid iri-iri. Ruwan toka shi ke raba su, ya haɗu da asid ɗin su zama sabulu, gilisarin ya ware. A 1823 ya buga littafinsa kan kitsen dabbobi, inda ya bayyana asid mai tauri da ake kira sitiyarik, daga kalmar Helenanci mai ma'anar kitse, da kuma mai ruwa-ruwa da ake kira oleyik. Sitiyarik fari ne kamar kakin zuma, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 69 a ma'aunin Salsiyas.

Ga amsar tambayarmu ke nan. Wajen kashi 40 cikin 100 na asid ɗin da ke cikin man kaɗanyar Afirka ta Yamma sitiyarik ne, na man gyaɗa kuwa kaɗan ne ƙwarai. Masu masana'antu suna fitar da shi daga kitsen shanu ko manja, su sa a sabulu don ya yi ƙarfi, kada ya zagwanye da wuri. Suna sa shi kuma a man shafawa don ya yi kauri da santsi, ya taimaka wa mai da ruwa su zauna tare ba su rabu ba. Wanda ya duba bayan kwalbar man shafawa sau da yawa zai ga sunansa da Turanci, stearic acid.

A 1825 shi da abokinsa Gay-Lussac suka karɓi takardar mallakar dabarar yin kyandir da wannan sinadari, mai tauri, marar wari da hayaƙin kyandir na kitse. Tun 1824 kuwa an naɗa shi shugaban marina a masaƙar gwamnati ta Gobelins, har a 1839 ya buga littafi kan yadda launi ke sake kama a ido in an jera shi kusa da wani. Faransa ta yi bikin cikarsa shekara 100 a 1886. Ya rasu a Paris ran 9 ga Afrilu, 1889, yana da shekara 102, sunansa kuwa na cikin sunayen masana 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel.

To, malamai da akawuna, ga abin lura. A da mukan sayar da ƙwarar kaɗanya da araha, a kai ta ƙasashen waje a tace, a komo mana da man cikin kwalba da tsada. Matanmu sun iya aikin tun kaka da kakanni, abin da Chevreul ya ƙara shi ne ma'auni da rubuta abin da ya gani. Lalle ya kamata kowane malami ya koya wa yara awo da rubuta sakamako, ko da kuwa da ɗan kitse, da toka, da gwangwani ne za a fara.