SARKI SALAHUDDINI AL-AYYUBI DA MAJAMI'AR BIRNIN ƘUDUS

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa masu karatu, galibi idan aka ambaci Salahuddini, takobinsa ake tunawa. A wannan mako muna so mu dubi abin da ya yi da wurin ibadar Kirista sa'ad da wurin ya faɗo hannunsa, babu kuwa mai ikon hana shi rushe shi.

Sunansa na yanka Yusufu ɗan Ayyuba. Bakurde ne, an haife shi a Tikrit ta ƙasar Iraƙi a shekara ta 532 bayan Hijira. Ya tashi a Ba'alabak da Dimashƙa, ya shiga hidimar Sarki Nuruddini Mahmudu ɗan Zanki. Ya bi baffansa Shirkuhu yaƙi zuwa Masar, da baffan ya rasu a 1169 aka naɗa shi waziri a madadinsa. A 1171 ya kawo ƙarshen daular Faɗimiyya. Bayan rasuwar Nuruddini a 1174 ya shafe shekara goma sha biyu yana haɗa kan Masar da Sham da Mausil, domin ya san rarrabuwar sarakunan Musulmi ita ce ta buɗe wa baƙi ƙofa tun farko.

Su waɗannan baƙi kuwa Turawa ne, mayaƙan gicciye, waɗanda suka ci Birnin Ƙudus a 1099. Ran da suka shiga sun yi wa Musulmi da Yahudawan garin kisan gilla. Suka mai da Ƙubbatus Sahra majami'a, suka kafa gicciye a bisanta, Masallacin Aƙsa kuma ya zama masaukin wata ƙungiya ta barade. Haka aka zauna shekara 88.

Daga cikin sarakunansu akwai wani mai suna Arnaɗ, mai riƙe da ganuwar Karak, wanda ya sha tare ayarin fatake alhali akwai alkawarin sulhu, har ya saka jiragen ruwa a Bahar Maliya suka tsorata hanyar alhazai. Wannan yana cikin abubuwan da suka jawo yaƙin Hiɗɗin a ranar 4 ga Yuli, 1187, inda aka karya rundunar Turawa. Salahuddini ya ba sarkinsu ruwan sanyi ya bar shi da ransa, amma ya kashe Arnaɗ da hannunsa, ya kuma sa aka kashe baraden ƙungiyoyin nan da aka kama. Mun faɗi haka don kada a zaci mutum ne marar zafi.

Bayan wata uku, ranar Juma'a 27 ga Rajab, 583, watau 2 ga Oktoba, 1187, Birnin Ƙudus ya miƙa wuya. Ba a rama kisan 1099 ba. An yanka wa Turawa fansa, namiji dinari 10, mace dinari 5, aka ba su kwana 40 su biya su fita. Ƙanensa Al-Adil ya roƙi mutum dubu daga cikin matalauta ya 'yanta su, shi ma Sarkin ya saki tsofaffi da mata da yawa kyauta. Duk da haka dubbai da suka kasa biya sun shiga bauta, bisa al'adar yaƙin wancan zamani. Aka sauke gicciye daga kan Ƙubba, aka wanke Aƙsa da ruwan wardi, aka kawo mumbarin da Nuruddini ya sa aka sassaƙa a Halab aka kafa. Wannan mumbari ya zauna a wurin har 1969 da aka sa wa masallacin wuta.

To, sai magana ta zo kan Kanisatul Ƙiyama, majami'ar da Kirista suka fi girmamawa a duniya, domin sun yi imani a nan aka gicciye Annabi Isa, aka binne shi, ya tashi. Sarki ya sa aka rufe ta kwana uku, ya tara mashawarta. Magatakardansa Imaduddini Al-Asfahani ya ruwaito cewa waɗansu sun ce a rushe ta a baje wurin, don Turawa su fid da rai ga dawowa. Waɗansu suka ce abin da Kirista ke girmamawa shi ne wurin, ba ginin ba, ko an nome shi ba za su daina zuwa ba. Suka kuma tuna masa cewa Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, da ya karɓi birnin, ya bar wa Kirista majami'arsu. Har an ruwaito ya ƙi yin salla a cikinta don kada Musulmi na baya su kafa hujja su karɓe ta.

Salahuddini ya bi sawun Umaru. Aka buɗe majami'ar, Kiristocin ƙasar suka zauna a gidajensu bisa biyan jiziya, Yahudawa ma aka bar su suka komo birnin. Abin lura a nan shi ne, Salahuddini Musulmi ne mai riƙo, aƙidarsa ita ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Bai bar ginin don ya yarda da abin da ake faɗa a cikinsa ba. Ya bar shi ne don shari'a ta kare wuraren ibadar waɗanda ke cikin amana, kuma aya ta 40 ta Suratul Hajji ta lissafa ɗakunan ibadar Nasara da na Yahudawa tare da masallatai cikin abin da Allah ke karewa daga rushewa. Gaskiya ne ya mai da waɗansu gine-ginen Turawa na Musulmi, kamar majami'ar Hannatu da ta zama makarantar Salahiyya. Amma wurin da zukatan Kirista suka rataya a kansa bai taɓa shi ba.

Jarrabawa ta biyu ta fi wuya. Sarakunan Turai suka yo gayya, a cikinsu har da Rikado na Ingila, wanda ya ci Akka a 1191, ya sa aka yanka fursunoni Musulmi wajen dubu uku a idon rundunar Salahuddini. Duk da wannan, da aka ƙulla sulhun Ramla a watan Satumba na 1192, Sarki ya yarda Kirista su riƙa shiga Ƙudus ziyara ba tare da makami ba. Alƙalinsa Ibn Shaddad ya ce Rikado ya nemi a hana duk wanda ba shi da takardarsa, Salahuddini ya ƙi, ya sa masu gadi a hanya, ya riƙa ciyar da maziyarta. Akwai dabara a ciki, gama wanda ya cika burinsa na ziyara zai koma gida ya ajiye takobi. Wani babban limaminsu daga Ingila, Hubat Walta, ya zauna da Sarki suka yi hira, ya roƙi a bar limamansu biyu da mataimaka biyu su yi hidima a majami'ar, haka kuma a Baitalami da Nazarat. Aka ba shi.

Salahuddini ya rasu a Dimashƙa ranar 27 ga Safar, 589, watau Maris 1193, bai sami yin aikin Hajjin da ya yi niyya ba. Abin da aka samu a taskarsa dirhami 47 ne da dinari ɗaya. Kabarinsa yana gefen Masallacin Banu Umayya, wanda a cikinsa akwai hubbaren Annabi Yahaya, inda Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya kai ziyara a 2001.

Har wa yau mabuɗin Kanisatul Ƙiyama yana hannun Musulmi. Gidan Juda ne ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗe ƙofa da rufewa, kuma ana danganta wannan tsari da zamanin Salahuddini. Ke nan maƙwabtanmu Kirista da ke zuwa ziyara Ƙudus daga Nijeriya, ta ƙofar da Musulmi ya buɗe suke shiga. Ya kamata mai sa wa majami'a wuta da sunan kishin addini ya tambayi kansa ko ya fi Umaru da Salahuddini kishi. Haka nan mai ƙona masallaci ya tuna cewa 1099 ba abin alfahari ba ne ga kowa.

Allah Ya jiƙan Salahuddini, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.